Gumin da Ba Ya Bushewa

Saura minti ɗaya sha biyun dare ta buga, ranar 27 ga Satumba 2019, aka saki mata 68 a kan titin Corniche da ke bakin teku a Doha, babban birnin Katar. Gasar duniya ce ta guje-guje da tsalle-tsalle, matan nan kuwa su ne gwanayen dogon gudu da ƙasashensu suka tace suka aiko. An kai tseren tsakar dare ne don a kauce wa rana, kuma ranar kam an kauce mata. Sai dai ma'aunin zafi yana wajen digiri 32, iska kuma ta sha ruwan Tekun Fasha ta ƙoshi, laimarta ta haura kashi 70 cikin ɗari. Ba a yi nisa ba aka fara ɗauke mutane a keken marasa lafiya. 'Yan Habasha uku da aka sa wa rai, babu wadda ta kai ƙarshe. Da aka tashi lissafi, 28 sun tsaya a hanya, 40 ne suka ƙarasa kilomita 42 da mita 195 ɗin.

Ruth Chepngetich ta Kenya ce ta zo ta ɗaya, cikin awa 2 da minti 32 da daƙiƙa 43. A watan Janairun shekarar, a Dubai, ta cinye wannan nisa cikin awa 2 da minti 17 da daƙiƙa 8. Ƙafafun nan ne, huhun nan ne, gaɓar tekun ma guda ce, amma iskar Satumba ta karɓe mata minti 15 da 'yan kai. Mako biyu bayan daren Doha, wani gwanin dogon gudu, Eliud Kipchoge, ya yi wannan nisa a Biyana, babban birnin Ostiriya, cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40. Waɗanda suka shirya masa gudun sun zaɓi gari da rana da sa'a ne suna duban hasashen yanayi, suka sake shi da safiya mai sanyi, zafi bai wuce kimanin digiri 10 ba.

Bahaushe yana da kalma guda da yake ɗora wa kaya masu yawa, wato zafi. Akwai zafin rana da zafin wuta, akwai zafin ciwo, akwai zafin rai da zafin nama. Amma idan aka zo kan yanayin gari, bakinsa yana rarrabewa. A watan Maris a Sakkwato ko Maraɗi, rana tana iya haura digiri 40, mutum ya ce ana rana, ko ana zafi. Idan ya sami inuwa da ruwan sha zai kai yamma lafiya, rigarsa a bushe, sai dai farin layin gishiri da ya kwanta mata a baya. Ranar da hadari ya haɗu ya ƙi zubarwa kuwa, ko a cikin agazari bayan damina ta ja jiki, wata magana ce daban take fitowa: ana gumi, ko ana zufa. An ɗauki sunan abin da ke fita daga jikin mutum an sa wa garin duka. Wanda ya fara faɗin haka bai san ma'aunin laima ba, amma ya lura da abin da ya kamata a lura da shi. A busasshen zafi ma jiki yana fitar da ruwa sosai, iska ce ke lashe shi tun ido bai gani ba. Yanayin da ake kira gumi shi ne wanda ruwan ke fitowa ya rasa inda za shi.

Dalilin yana cikin yadda jiki yake aiki. Tsoka ba ta da tattali: cikin kashi biyar na ƙarfin da take ƙonawa, wajen kashi ɗaya ne kawai ke zama motsi, sauran duk zafi ne da ya zama dole a fitar. Mai gudu irin na gwanaye yana hura wutar da, in da babu mafita, cikin ƙasa da rabin awa za ta ɗaga zafin jikinsa daga digiri 37 zuwa matakin halaka. Babbar mafitar ita ce bushewar gumi a kan fata. Lita ɗaya idan ta bushe tana tafiya da zafi kimanin kilokalori 580. Duk wanda ya sha ruwan randa ya san wannan aikin ko bai san sunansa ba. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Shi ya sa ruwan randa a lokacin hunturu har haƙori yake kamawa, a tsakiyar damina kuwa randar tana nan jiƙe sharkaf amma ruwan sai a hankali. Fatar mai gudu a Doha randar damina ce. Gumin da ya gangaro ta haɓa ya ɗiga a kwalta, ko ya taru a takalmi, ya fita da ruwan jiki da gishirinsa, bai tafi da zafin kirki ba.

Jiki kuma bai san wata dabara ba sai ƙarawa. Da ya ji zafi bai sauka ba sai ya buɗe gumi sosai, jini ya ragu ya yi kauri. Ga fata tana neman jini don a sanyaya shi, ga tsokar cinya tana neman nata don ta ci gaba da aiki, zuciya ɗaya ce za ta raba musu. Sai ta ƙara bugu alhali saurin gudun bai ƙaru ba. An auna Alberto Salazar na Amurka a gasar Olamfik ta 1984, aka tarar yana zubar da gumi lita 3.7 a awa guda. Babu cikin da zai iya shanye ruwa mai yawan haka ya mayar wa jini ana tsakar gudu.

A nan ne maganar ta ci karo da abin da aka taso da shi. A bakin Bahaushe gumi shaida ce ta halal. Ana yabon wanda yake cin guminsa, ana tsine wa mai cin gumin wani, ana horon maigida ya sallami ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba. Manomi ya dawo daga gona riga ta manne masa a baya, kowa ya gani ya san an yi aiki. Ido ya saba karanta jiƙaƙƙen jiki a matsayin alamar cewa komai yana tafiya yadda ya kamata. A tseren da ake yi cikin laima, wannan karatun yana yaudara, domin gumin da ake gani yana zuba shi ne wanda bai yi aikinsa ba.

Ba Bahaushe kaɗai gumi ya taɓa rikitawa ba. A gasar Olamfik ta 1912 a Stockholm, ranar 14 ga Yuli, wani kafinta ɗan Fotugal mai suna Francisco Lázaro ya shafe jikinsa da kitse kafin a fara tsere. Kitsen ya toshe wa gumi hanyar bushewa. Ya faɗi wajen kilomita 30, washegari ya cika, ya zama ɗan wasa na farko da ya mutu a gasar Olamfik ta zamani. Kusan rabin waɗanda suka tashi a ranar ba su kai ƙarshe ba.

Shekara 8 kafin nan, a birnin St. Louis na Amurka, an yi wanda ya fi wannan muni ta fuskar shiri. An saki mutum 32 da ƙarfe uku na rana a ƙarshen Agustan 1904, kan hanyar ƙasa, motocin alƙalai suna tayar musu da ƙura. Ruwan sha da gangan aka ƙuntata shi, domin shugaban shirya gasar, James Sullivan, yana son ganin abin da ƙishirwa ke yi wa jikin ɗan'adam. Mutum 14 suka ƙarasa, cikinsu har da Len Taunyane da Jan Mashiani, 'yan ƙabilar Tswana daga kudancin Afirka, waɗanda suka zo na 9 da na 12. Wanda aka ba lambar zinariya, Thomas Hicks, masu kula da shi sun riƙa ɗura masa farin ƙwai da barasa da sitiriknin, gubar da ake kashe ɓera da ita, suka tallabo shi ya kai layi cikin awa 3 da minti 28. Ra'ayin cewa shan ruwa a tsere alamar rauni ne ya daɗe bayan wannan, har dokokin wasan suka yi shekaru suna hana ba mai gudu ruwa a kilomitocin farko.

Sunan da gidajen rediyon Hausa suka ba wannan tsere yana da nasa labarin. Wasu su ce gudun fanfalaki, wasu su ce gudun yada ƙanin wani. Na biyun ya fi faɗin gaskiya. Gudu ne mai nisan da idan yaron da ke biye da kai ba ƙaninka ne ciki ɗaya ba, a hanya za ka bar shi. Sunan ya amince tun farko cewa za a yar da wasu. Abin da bai faɗa ba shi ne halin da wanda aka yar yake ciki, da kuma wanda ya kamata ya tsaya masa.

Jim Peters ɗan Ingila shi ne mutumin farko da ya yi wannan nisa cikin ƙasa da awa 2 da minti 20. A watan Agustan 1954, a gasar ƙasashen rainon Ingila da aka yi a Vancouver ta Kanada, ya shigo filin wasa cikin zafin rana da tazarar kimanin minti 17 tsakaninsa da na bayansa. Abin da ya rage masa bai kai zagaye ɗaya ba. Ya faɗi, ya tashi, ya yi tangaɗi, ya sake faɗuwa, dubban mutane suna kallo, har ya shafe wajen minti 11 bai ci mita 200 ba. Daga ƙarshe aka ɗauke shi bai kai layin ba, kuma bai ƙara shiga tsere ba har ya bar duniya. Cikin mutum 16 da suka tashi, 6 ne suka ƙarasa. Shekara 30 bayan haka, a Los Angeles, ranar da mata suka fara gudun fanfalaki a Olamfik, Gabriela Andersen-Schiess ta Suwizalan ta shigo filin jikinta a karkace, ƙafa ɗaya tana ja, tana kakkaɓe masu agaji don kada su taɓa ta a soke ta. Zagayen ƙarshe ya ci mata minti 5 da daƙiƙa 44, jama'a a tsaye suna tafi. Ta zo ta 37, ta kuma warke cikin sa'o'i. Bayan wannan ne aka gyara doka, aka yarda likita ya duba mai gudu da hannu ba tare da an ɗauke shi a matsayin taimakon da ya saɓa ƙa'ida ba.

Ana nuna waɗannan hotuna har yau ana cewa ga juriya. Kalmar tana da kyau, kuma mutanen sun cancanci girmamawa, amma akwai abin da ya kamata a tsaya a kai. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, cikin gaɓoɓin da suke fara taɓuwa har da ƙwaƙwalwa. Alamar bugun zafi da likitoci suka fi dogara da ita ita ce rikicewar hankali: mutum ya kasa faɗin inda yake, ya riƙa sambatu, ya yi faɗa da wanda ya zo ceton sa, ya nufi wani wajen da ba hanya ba. Gaɓar da ya kamata ta ce masa ya isa haka, ita ce ta fara kwanciya. Saboda haka wani ɓangare na abin da 'yan kallo ke yi wa tafi ciwo ne, mai shi ma sau da yawa ba ya tuna yadda aka yi. Tafin kuwa yana da nasa illar, domin yana sa wanda ke kusa ya ji nauyin sa hannu.

An ga haka ƙarara a wani gudun fanfalaki da aka yi a watan Afrilun 2018 a Gold Coast ta Ostireliya. Callum Hawkins ɗan Sikotland yana gaba da tazarar sama da minti 2, saura masa kimanin kilomita 2, sai ƙafa ta ƙi. Ya faɗi, ya miƙe, ya ƙara gaba kaɗan, ya sake zubewa a kan gada har kansa ya bugi ƙarfen gefen hanya. Ya yi mintoci a kwance kafin masu agaji su iso, wasu 'yan kallo suna ɗaukar sa hoto da waya. Michael Shelley, wanda ke biye da shi, ya zo ya wuce shi ya ci tseren.

Ga wanda ya tsaya da kansa tun abin bai kai haka ba, kalmomin da suka fi saurin zuwa baki duk masu ɗaci ne: ya gaza, ya sare, ya karaya, ya ja da baya. Babu ɗaya a ciki da ta dace da macen da ta ji tsigar jikinta tana tashi cikin zafin digiri 32, ta ji kanta yana juyawa, ta san ma'anar haka, ta koma gefen titi ta zauna. Amma Hausa tana da kalmar da ta dace, kuma tana kusa. Haƙuri shi ne abin da ake ba wanda ake so ya daure ya ci gaba. Daga tushen nan kuma aka sami haƙura, wato mutum ya saki abin da ransa yake so bayan ya auna ya ga babu hali. A ce wance ta haƙura da tseren, babu zargi a ciki, har ma akwai ɗan yabo, domin ba ƙaramin mutum ne yake iya haƙura da abin da ya yi wata da watanni yana shiri dominsa ba. Harshen ya ajiye daurewa da sakewa a gida ɗaya, ya bar wa mai hankali ya gane wadda lokaci yake nema. Matan nan 28 na Doha, da yawansu haƙura suka yi, kuma daidai suka yi.

Waɗanda suka ƙarasa da kyau ma da wani irin haƙuri suka ƙarasa, na farkon tsere. Helalia Johannes ta Namibiya, wadda ita ce ta ci na mata a Gold Coast a safiyar da Hawkins ya faɗi, ta zo ta uku a Doha tana da shekara 39. Edna Kiplagat ta Kenya, ita ma 39, ta zo ta huɗu. Roberta Groner, ma'aikaciyar jinya daga Amurka mai shekara 41, ta zo ta shida, gaban mata da dama da suka fi ta gudu a ranar da iska take da daɗi. Ba abin mamaki ba ne a ce manyan mata ne suka taru a nan. Sannu ba ta hana zuwa, kuma wanda ya daɗe a harkar ya fi sanin cewa a irin wannan dare agogon hannu maƙaryaci ne, saurin da aka saba da shi a wajen atisaye bashi ne da za a biya a kilomita 30.

Jiki yana koyon zafi, amma sai an ba shi lokaci. Kwana 10 zuwa 14 ana motsa jiki a cikin yanayin, ruwan jini yakan ƙaru, gumi ya fara fitowa da wuri, gishirin da ke bin sa ya ragu, bugun zuciya ya sauka. A Doha wasu 'yan wasa sun haɗiyi ƙwaya mai ɗauke da ma'aunin zafi don masu bincike su ga abin da ke faruwa a cikinsu, binciken kuma ya nuna waɗanda suka yi wannan sabo kafin zuwa sun fi samun sakamako mai kyau. Ruwa yana taimako, amma shi ma ba a wuce gona da iri. Wanda ke tafiya a hankali yana ɗurawa a kowane tebur har ya fi abin da ya zubar, gishirin jininsa yana iya tsinkewa, ƙwaƙwalwa ta kumbura. An gwada jinin ɗaruruwan waɗanda suka yi tseren Boston na 2002, aka sami kashi 13 cikin ɗari da wannan matsala. Kuma ko cikin mutum cike yake da ruwa, bugun zafi yana iya kama shi, domin matsalar ta fitar da zafi ce.

Daren Doha ya girgiza masu mulkin wasanni. Ba a yi mako uku ba kwamitin Olamfik na duniya ya sanar da ɗauke gudun fanfalaki daga Tokyo zuwa Sapporo, wajen kilomita 800 arewa, duk da rashin jin daɗin gwamnar Tokyo, Yuriko Koike. Da lokacin ya zo a Agustan 2021, Sapporo ɗin ma zafi take yi. A daren jajibiri aka matso da tseren mata zuwa ƙarfe shida na safe. A na maza, cikin 106 da suka tashi, 30 ba su ƙarasa ba.

Wannan ba labarin ƙasashen nesa ba ne kawai. Tun 2016 ake gudun fanfalaki a Legas, yawanci a watan Fabrairu. A mafi yawan shekarunsa ana tashi ne daga babban filin wasa na Surulere da sassafe, a haye gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, ruwa dama da hagu, babu bishiya ko ɗaya, a ƙare a Eko Atlantic. Iskar Legas da asuba cike take da laima. 'Yan Kenya da Habasha ne suka saba cinyewa, cikin 'yan gida kuwa 'yan Filato ne suka fi fice, mutanen tudu mai sanyi da suke gangarowa bakin teku su yi gudu a iskar da ba tasu ba. Matashin da ya yi atisayensa a Kano ko Zariya cikin hunturu, inda gumi ke bushewa kafin ya kai gira, ya hau mota ya sauka Legas ana gobe tsere, yana iya zaton shi ɗan zafi ne, babu abin da Legas za ta nuna masa. Zafin da ya sani daban, wanda zai tarar a kan gadar daban.

Gwanayen ma ba su ne abin tausayi ba. Su kafin ƙarfe tara sun gama, akwai likita da inuwa suna jiran su. Dubban da ke baya, ma'aikacin banki da malamin makaranta da ɗalibi, su ne rana za ta ɗaga ta same su a kan kwalta har sha ɗaya, wasu har azahar ta kusa. Su ne ƙannen wani da sunan tseren yake magana a kai. Abin da ke ceton su kuwa sananne ne, kuma ba shi da tsada. A garin Falmouth na Amurka ana wani tseren kilomita 11 a watan Agusta, gajere ne amma yana yawan kayar da mutane saboda ana yin sa da sauri cikin laima. Likitocin wurin suna ajiye bahon ruwan ƙanƙara a ƙarshen hanya, duk wanda zafi ya buge a tsoma shi nan take, sai jikinsa ya sauka sannan a yi maganar asibiti. An bi bayanan sama da mutum 270 da aka yi wa haka cikin shekara 18, babu ko ɗaya da ya mutu. Rabin awar farko ita ce ke raba rai da ajali, kuma motar asibitin da ta maƙale a cunkoso ba ta sanyaya kowa.

Duk garin da ya gayyaci jama'a su yi gudu a titinsa cikin gumi, ya ɗauki nauyin baho da ƙanƙara, da kuma mutanen da aka horar aka jera a kilomitocin ƙarshe. Aikinsu shi ne su tari wanda suka ga yana tangaɗi su tambaye shi sunansa, da garin da yake, da ranar da ake ciki. Idan amsar ta fito a karkace, su cire shi daga hanya su kai shi ruwa, ko yana zagi, ko yana rantsuwa cewa lafiyarsa ƙalau, ko layin ƙarshe yana gabansa ana hango shi.